Kyauren Zauren Ummaru

A bayan unguwar Gesse ta Birnin Kebbi akwai wani gida mai bishiyar dogon yaro a ƙofa. Wanda ya leƙa ta kan katanga zai hangi wani abu dogo tsaye ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe shi da tamfol. Injin zarto ne. Mai shi, Malami Kafinta, yana nan da ransa, sai dai ganinsa ya kusa ƙarewa.

Malami ɗan Argungu ne, ɗan Ummaru masunci, Bakabe gaba da baya. Su biyu ne maza a gidan, shi da wansa Tamba. A zamanin da ake bi gida-gida ana ɗaukar yara makarantar boko, Ummaru ya dubi 'ya'yansa, ya ga Tamba ya riga ya iya riƙe jirgi a tsakiyar gulbi, sai ya ba da ƙaramin. Daga elementare Malami ya wuce makarantar koyon sana'a, inda aka koya masa awo da kusurwa, da yadda ake haɗa katako biyu su riƙe juna ba ƙusa. Ya kama aikin gwamnati a Sakkwato, a wani babban shagon kafintoci da ke yi wa makarantu bencina, ofisoshi kuma ƙofofi da kabad. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka raba ma'aikata da kayan aiki, shi da injin nan suka faɗo kaso ɗaya, a mota ɗaya ma aka kawo su Birnin Kebbi.

Injin ƙirar Ingila ne, zubin baƙin ƙarfe, ya fi mutum tsayi, an zuba shekarar ƙirarsa a ƙirjinsa: 1958. Wili biyu gare shi manya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Zarton kansa doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, an haɗe bakinta biyu, tana zagaya wilin nan ba tsayawa, kafinta kuma ya tura katako a kan tebur tana yanka. Ɗamara suke ce mata a shagon. A wancan zamani akwai wani dattijo da ba shi da aikin komai sai ita. Shi ke wasa haƙoranta da magagari ɗaya bayan ɗaya, in ta tsinke kuma ya fere bakunan biyu, ya haɗa su da ruwan tagulla a kan wuta mai laushi, har ka shafa ba ka ji mahaɗin ba. Ranar Juma'a da hantsi a kashe inji, a share, a zuba mai, kowa ya rataye kayansa a inda aka zana siffarsu a bango. Malami yakan ce bai taɓa ganin wuri mai tsari irin wannan shago ba.

Sannu a hankali aikin ya mutu. Aka koma sayo kujeru haɗaɗɗu daga waje, dattijon nan ya rasu ba a ɗauki wani ba, rufin shagon ya yi ta zuba. A shekarar da Malami ya ajiye aiki aka yi gwanjon abin da ya saura. Da ya ga 'yan gwangwan suna zagaya injin da guduma a hannu, sai ya saye shi, tare da ɗamara guda da ya tarar a sito, naɗe cikin buhu da giris. Ƙarti suka sauke shi a tsakar gida da ihu.

Matarsa Fadimatu ta fito ta riƙe haɓa. Ta ce, "Maigida, mutane in sun aje aiki firij sukan kawo gida. Kai gawar ƙarhe ka kawo muna?"

Ya ce, "Ba gawa ba ne, kwana yakai."

"To Allah tashe shi lahiya."

Bai tashe shi ba. Shekaru suka wuce yana 'yan gyare-gyaren kujerun maƙwabta da zarton hannu, injin kuwa tsatsa ta ci, kaji suka mai da cikinsa wurin ƙwai.

Sai damina ta 2020, da gulbi ya yi ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama tun daga Argungu har ƙasa. Da ruwa ya ja, Malami ya tafi jaje gida. Ya tarar da zauren ubansu yana tsaye, amma kyauren ya tafi. Kyaure ne na katakon madaci mai kauri, wanda Ummaru ya sa aka yi shekarar da ya gina zauren. Yanzu a madadinsa an kafa fallen kwano a jikin sanda, iska na kaɗa shi yana ƙara.

Tamba na zaune a ciki kan tabarma, ƙafafunsa a miƙe, sun kumbura. Bayan an gaisa an yi jaje, ya nuna ƙofar da haɓa.

"Ka ga abin da yara sunka lanƙaya man? Kamar shagon mai caji."

Malami ya yi dariya. "Yaya, ai ya tare awaki."

"Awaki ya tare. Malami, ni na san inda ciwon ga za shi da ni. Baba ta kyauren madaci anka hitar da shi, Inna ma haka. Ba ni so a hitar da ni ta kwano."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wagga?"

"Maganar manya. An kai ka boko ka koyo katako, mu an bar mu cikin ruwa. Shekara nawa kana yi ma gwamnati ƙohwa? To yi ma gidanku guda."

Tamba ya gaya masa kuma cewa katakon ma yana nan. Babban madacin nan na mashaya, inda masuntan unguwar ke ɗaure jiragensu tun kakanni, ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa ya faɗi. Masu injin sare itace sun zo daga gari sun yanke rassa da saman gangar, sun loda a mota.

"Amma sunka bar gindin. Sunka ce mu riƙe, ba su so. 'Yan kirki ne, sun san na masu wuri ne. Ni kau nic ce kowa ya taɓa shi ni da shi, na ƙanena ne."

Malami ya je mashaya ya gani. Gindin ya kai tsayin mutum a kwance, mutum biyu ba za su iya rungume shi ba. Ya ƙwanƙwasa, ya ji shi tauri har ciki. Irin wannan madaci ya daɗe da ƙarewa a kasuwa. Ya sa matasa suka tsaga shi gida huɗu da gatari da turaku, suna bin jijiyar itacen, aka kawo shi Birnin Kebbi a a-kori-kura, ya jingine shi a inuwa ya sha iska. Ranar ya yaye tamfol daga kan injin.

Aikin ya ci shi damina biyu. Ya kwance komai, ya jera a kan buhu bisa tsarin da ya fitar da su, kamar yadda aka koya masa. Kusoshin da suka ƙi juyawa ya yi ta ɗiga musu kananzir safe da yamma har suka saki. Teburin ya goge shi da samfefa da baƙin mai, tafin hannu bayan tafin hannu, sai da ƙarfen ya fito fari. Boris ɗin da wilin sama ke juyawa a kansa ya daskare, ya yi yawon kasuwar 'yan tsofaffin kayan mota da shi a aljihu har ya dace da irinsa a jikin wata tsohuwar tarakta. Robar da ke kewaye da wilin, wadda ɗamara ke hawa, ta zama gari. Ya yanka tiyub ɗin babur ya manna da gam, ta kwaɓe, ya sake, ta kwaɓe, sai a karo na uku ta zauna.

Motar lantarkin da ke juya injin ce ta gagara. Irin wutar da take ci ba a kawo ta gidajen unguwa, wadda ake kawowa ma sai an ga dama. Nan Riskuwa ya shigo. Riskuwa mai walda ne a bakin titi, tsaran Malami, tare suke zaman hira bayan la'asar, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo ya zagaya injin hannu a baya.

"Tsoho, wanga ai ya girmi Najeriya. Ka bari in yanka shi in yi maka ƙohwar ƙarhe, in shafa mata jan fenti. Yayanka ina ya san bambanci?"

"Mutumin da ya shekara saba'in cikin jirgin katako? Da hanci zai gane."

"To kai da ido za ka gane? Jiya na ga ka gaida turmi."

"Turmin ya fi ka amsa gaisuwa."

Riskuwa ne ya kawo dabarar injin ban-ruwa, irin wanda manoman albasa ke jan ruwa da shi a fadama. Suka samo tsoho, suka cire famfon, ya ƙera masa mazauni, suka haɗa shi da wilin ƙasa da bel.

Tsokanar Riskuwa kuwa akwai gaskiya a cikinta. Tun kafin ambaliya Malami ya lura gefen ganinsa yana rufewa. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, aka ba shi magani na ɗigawa, aka gaya masa abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a rage wa sauran gudu. Ya koma aiki da hantsi kawai, lokacin da haske ya fi ƙarfi. Lambobin ma'auni suka ɓace masa, ya yi musu tsaga da wuƙa yana bi da farce.

Tamba kuma yana kira a waya duk Juma'a.

"Injiniya, ina kyaurena?"

"Yana tahe, Yaya."

"Ni ma ina tahe. Sai mu ga wa za ya riga isa."

Ranar da aka tashi injin, wata Asabar ce da hantsi bayan kaka. Malami ya warware ɗamarar daga buhunta, ya wanke giris ɗin, ya bi haƙoranta da yatsa, ya same su lafiya kamar jiya aka wasa. Ya ɗora ta, ya ja ta har ta yi ƙara daidai in an taɓa. Riskuwa ya ja igiyar injin ban-ruwa. Wilin ya juya a hankali, ya ɗauki gudu, sai ga wannan kukan siriri da Malami bai ji ba tun yana da baƙin gashi. Ya tsaya kawai yana saurare. Fadimatu ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

Ta ce, "Ashe dai kwana yakai."

Su biyu suka ɗaga ɓari guda na madacin suka ɗora a tebur, Malami na turawa, Riskuwa na tarba. Garin katako ja ya zubo, ɗacinsa ya cika tsakar gida har a harshe. Falle na farko ya fita sumul. Malami ya shafa shi daga sama har ƙasa. Na biyu ma haka. A fuskar itacen da ya saura akwai wani baƙin tabo da ya bi jijiya kamar an zuba tawada. Da idonsa na da ne, da ya kashe injin nan take, don duk wanda ya yi aiki a shagon nan ya san abin da ke sa madaci baƙi daga ciki. Abin da ya gani duhu-duhu ne, ya ɗauka laka ce ta gulbi. Riskuwa ya gani sarai, amma shi mutumin ƙarfe ne, bai san yaren katako ba.

Sun kai tsakiyar falle na uku aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Wuta ta yi tartsatsi, ɗamarar ta tsinke, ta fito ta gefe ta tsaga hannun rigar Riskuwa ta daki katanga. Kaji suka watse. Injin ban-ruwa ya ci gaba da ruri shi kaɗai har Fadimatu ta yi ta maza ta kashe shi.

Da aka tabbata ba wanda ya ji rauni, Malami ya ɗauko kurfi da guduma ya shiga haƙar wurin. Can cikin itacen, zurfin rabin taƙi daga inda ɓawo yake, ya tarar da ƙarfe. Ya yi ta sassaƙa har ya zaro shi: ƙusa ce ƙirar maƙera, kaurin babban yatsa, da zobe a kanta.

Yana riƙe da ita abin ya dawo masa. Yana ƙarami, kafin a kai shi boko, yana zaune a cikin jirgi, ubansa tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana buga irin wannan ƙusa a jikin madacin. Haka masuntan mashayar ke yi. Ba su kafa turke a laka, don ruwa na tafiya da shi. A jikin bishiyar suke buga ƙusa su ɗaure jirgi. Shekarar da ruwa ya hau, a buga wata a sama, shekarar da ya ja, a buga a ƙasa. Bishiya kuwa tana girma tana haɗiye su, ɓawo ya rufe, a manta. Abin da ya sa masu injin sare itace suka bar gindin ke nan.

Suka shimfiɗa ɗamarar a ƙasa. Haƙoranta sun zube wajen kamu guda, ga tsaga a wurare. Riskuwa, wanda ranar bai yi tsokana ko ɗaya ba, ya tafi da ita shago ya yanke inda ya lalace, ya ƙara wani guntun ƙarfe ya yi walda. Wutar walda ta fi ƙarfin irin wannan ƙarfe, tana busar da shi. Ba ta yi zagaye goma ba ta sake tsinkewa a mahaɗin. Suka gwada tagulla, yadda Malami ya tuna dattijon nan na yi, amma gani ya yi, bai taɓa yi da hannunsa ba. Ta tsinke. Kowane gwaji kuma sai an rage tsawonta, har ta kai ba ta zagaya wilin. Malami ya aika awon ɗamarar Kano ta hannun wani direba, abin da aka kawo siririya ce gajera, ta ƙananan injinan yanzu. Ya koma wa zarton hannu, ya zaɓi wani ɓarin da ya ga kamar ba tabo. Kwana da kwanaki yana ja, bai kai kamu biyu ba ya ji haƙoran sun hau ƙarfe.

Ya shiga mota ya tafi Argungu da ƙusar a aljihu. Ya tarar Tamba ya daina fita ko masallaci. Ya zauna gefen tabarma ya sa masa ita a hannu. Tamba ya juya ta, ya bi zoben da yatsa.

"Wagga ta Baba ce. Ƙirar Hodi maƙeri, shi ka murɗa wuyan haka. Ina ka same ta?"

Malami ya gaya masa duka. Sa'an nan ya ce, "Yaya, guda nawa ne cikin gindin nan?"

"Wa ya ƙidaya? Tun kakanmu aka bugawa. Ni kaina na buga ta hi ashirin."

"Mi ya hana ka hwaɗa man?"

"Ka tambaye ni? Ni ina na san zarton Turawa na tsoron ƙusa? Ai saboda su na aje maka gindin. Nan ne hannun Baba ya taɓa." Sa'an nan ya ce, "Kai ma ai ka gani kana yaro."

"Na gani. Na mance."

"An kai ka da wuri."

Iska ta taso daga gulbi, fallen kwanon ya bugi bango, ya dawo, ya sake bugawa. Tamba ya miƙa masa ƙusar.

"Falle nawa ka samu?"

"Biyu."

"Kyaure kuma nawa yaka ci?"

"Shida, in an matsa biyar."

"To. Tashi ka buga wagga ga bango, ka ɗaure man abin ga da igiya. Ya hana ni kwana."

Malami ya nemo dutse, ya lalubi bangon zaure ya buga ƙusar, ya zura igiya a zoben ya ɗaure kwanon. Ƙarar ta tsaya.

Tamba ya rasu da farkon damina. Da aka yi waya da safe, Malami ya sa aka ɗaure fallayen nan biyu a kan motar haya, bai gaya wa kowa abin da zai yi da su ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ya isa ana shirin fitowa da makara. Ƙofar kwanon ba ta buɗuwa sosai, sandarta ta karkace, sai da aka kwance igiyar aka cire ta gaba ɗaya aka jingine a waje, tana ƙara a hannun masu ɗauka. Ta nan aka fitar da shi.

A maƙabarta, da aka sa shi, masu haƙa suka ce itacen da za a jera a rufe kafin a zuba ƙasa bai isa ba, wanda aka saro ɗanye ne sirara. Malami ya ce a kawo fallayen. Ya auna faɗin ramin da sandarsa, ya durƙusa ya yanka su guntu-guntu da zarton hannu, yana bin layin da farce. Ba wanda ya karɓe shi, ko da yake ya daɗe. Aka jera su, suka rufe daga kai zuwa ƙirji, sauran aka cika da ɗanyen itacen.

Sauran madacin yana nan jingine a gidan Gesse. Fadimatu ta taɓa cewa a faskara a yi girki da shi, mai faskare ya gwada, bakin gatarinsa ya karye, ya tafi yana mita. 'Yan gwangwan sukan tsaya da kurarsu a ƙofar gida su tambaya ko tsoho ya shirya sayar da ƙarfen nan, ta ce su dawo wani lokaci. Ran Juma'a da hantsi Malami yakan laluba ya ɗaga tamfol, ya ɗiga mai a boris, ya juya wilin da hannu. Zauren Argungu kuwa an mai da masa kwanonsa, yara na ɗaure shi a ƙusar in iska ta taso.